Yamaha Pacifica 112V: a tura suwic kafin a tambayi kuɗi

Duk saurayin da ya zo wurina neman shawara a kan jitar lantarki, tambaya biyu yake fara yi: nawa ce, kuma akwai baƙa? Da za a bi ta tawa, da ɗan suwic ɗin da ke ƙasan tsirkiyoyi za a fara taɓawa, a tura shi gaba, a dawo da shi baya, a kasa kunne a ji abin da amfilifaya ke faɗa a kowane mataki. Da wannan mudun zan auna Yamaha Pacifica 112V, jitar da na daɗe ina yawo da ita gidajen biki da ɗakunan ɗaukar waƙa tsakanin Kaduna da Zariya. Ga makaɗin da ake sa shi ya canja salo iri-iri a dare ɗaya, a kan wutar janareta, ban ga wata jita mai irin kuɗinta da ta kai ta biyan bukata ba. Dalilin kuwa yana cikin fikof ɗinta uku, wato 'yan na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi suna ɗaukar sautinsu, da yadda aka haɗa su.

Kamfanin Yamaha na Japan ya fito da jerin Pacifica a 1990, samfurin 112 ya biyo baya a 1993. Kallo ɗaya za ka yi mata ka san daga Stratocaster ta kamfanin Fender aka ɗauko fasalinta, sai dai ƙahonninta sun ɗan fi tsawo da tsini. Tawa ƙirar Indonesiya ce. Gangar jikinta itacen alda ne, irin wanda Fender ta daɗe tana amfani da shi, wuyanta siriri mai gaɓa 22, tsawon tsirkiya daga jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, zuwa kan wuya milimita 648. Ba ta da nauyin da zai gajiyar da kafaɗa in an tsaya da ita tun bayan isha'i har tsakar dare. Maganar itace ta tsaya nan, don ba can daɗinta yake ba.

Fikof ba makirufo ba ne, ba ruwansa da iska ko muryar mutum. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa, sai 'yar wutar lantarki ta tashi a cikin wayar tana rawa daidai da rawar tsirkiyar, ita ce ke bin igiya ta je amfilifaya. Shi ya sa in ka ɗaura tsirkiyar roba a jitar lantarki ba za ka ji komai ba. Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne, kowane fikof daga gurbin da aka dasa shi kaɗai yake saurare. Wanda ya taɓa riƙe gurmi ya san in ka bugi tsirkiya dab da jaki siririn sauti mai tsini take bayarwa, in ka matsa wajen tsakiya sai ta yi kauri da taushi. Haka abin yake a nan. Kusa da jaki tsirkiya ba ta da filin lilo, sai ƙananan karkarwa masu kaifi. Wajen wuya kuwa tana lilo sosai, sautin ya fito da cika da nauyi.

A 112V, na wuya da na tsakiya masu naɗi ɗaya ne, na jaki kuma hambaka ne mai naɗi biyu. Dukansu da maganaɗisun wani gamin ƙarfe da ake kira Alnico V aka yi su. Suwic ɗin mataki biyar gare shi, ga mamurɗin ƙara ɗaya, ga na ton ɗaya, wato mai rage kaifin sauti, wanda ake iya jawowa sama. Zan bi matakan daga wajen wuya in gangaro zuwa jaki.

Idan suwic yana can gaba, na wuya ne kaɗai ke aiki. Muryarsa zagayayya ce, mai ɗumi, ba ta soka kunne. Nan nake zama lokacin da ake shigo da amarya a hankali, ko sa'ad da mai gabatarwa ke magana ana so kiɗa ya riƙa gudana a ƙarƙashinsa ba tare da ya danne shi ba. In na ajiye robar kiɗi na yi amfani da naman babban yatsa, na rage ton wajen rabi, sai ka ji kamar jitar ta ƙara girma. Na wuyan 112V ya burge ni musamman a manyan tsirkiyoyi uku, domin ko da kauri ana jin kowace daban, ba sa cakuɗewa. Amma ina gargaɗin masu koyo da abu ɗaya. A ɗaki kai kaɗai, wannan matakin ne ya fi kowanne daɗi, sai ka ɗauka ka gama samun murya. Da zarar mai fiyano ya sa hannun hagunsa, mai bes ya shigo, sai ka neme ka ka rasa, don dukanku wuri ɗaya kuke cunkushe. A kiɗanmu na Hausa na zamani kuwa fiyano ce ke riƙe da kusan komai, har sautin jitar ma takan kwaikwaya. Duk mai jitar da bai koyi kauce mata ba, rawar hannu kawai za a gani, ba za a ji shi ba.

Mataki na biyu ya haɗa na wuya da na tsakiya, kuma yana da tarihi mai daɗi. Stratocaster da ta fito a 1954 suwic mai mataki uku gare ta, fikof ɗaya a kowane mataki. Makaɗa ne da kansu suka gano cewa in ka lallaɓa ka tsayar da suwic ɗin a tsakanin matakai biyu, fikof biyu za su kama tare, wata murya ta daban ta fito. Wasu har da ashana suke tokare shi don kada ya zame. Sai a 1977 Fender ta mayar da mai mataki biyar ya zama na dindindin. Abin da ke faruwa shi ne, fikof biyun suna jin tsirkiya ɗaya daga gurbi biyu, wasu sassan sautin su ƙarfafa juna, wasu su kashe juna, sai tsakiyar muryar ta rame, a bar kauri a ƙasa da ƙyalli a sama. Ƙarar takan ɗan ragu, kada wannan ya tsorata ka. Nan ne gidan kiɗan rakiya. Hailaif, da saran rege da ake datsewa da yatsun hannun hagu, da rakiyar mawaƙan coci in an gayyace ni, duk a nan nake yin su, ton a buɗe gaba ɗaya. Muryar tana barin fili ga mawaƙi, ba ta gasa da shi.

Yanzu ga wanda na fi so in yi magana a kansa, na tsakiya shi kaɗai. Yawancin makaɗa hanya suka ɗauke shi, wurin wucewa daga wuya zuwa jaki. Wasu har dunƙufar da shi suke yi da sukurudireba don kada robar kiɗi ta riƙa buga shi. Ni kuwa rabin aikina a kansa nake yi, kuma shi ne ya sa nake ƙaunar wannan jitar.

Dalili shi ne kiɗan Abzinawa, wanda samarinmu suka kamu da sonsa tun da waƙoƙin Agadas suka fara yawo a wayoyin hannu. Ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe: sauti biyar ake juyawa kamar yawancin kiɗanmu na gargajiya, kuma Mdou Moctar ma, makaɗin jitar nan na Abzinawan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. A wannan salon hannun dama aiki biyu yake yi a lokaci guda. Babban yatsa yana maimaita tsirkiya mai kauri a sake, tana ƙugi ba ta tsayawa, manuniya kuma tana tsinto waƙar a siraran tsirkiyoyi, hannun hagu yana dannawa yana fizgewa da sauri ba tare da an sake bugawa ba. Kana bukatar murya da za ta riƙe ɓangarorin nan biyu daidai wa daida. A na wuya, ƙugin babban yatsa yakan cinye adon da hannun hagu ke yi. A na jaki kuma adon yana fita, amma ƙugin ya bushe, ya rasa nauyin da ke sa mutane tafi. Na tsakiya ne ke ba kowa haƙƙinsa. Na 112V yana da wata 'yar cizawa a farkon kowane bugu, wadda ke ratsa tafi da ganga ta isa bayan rumfa. Nakan ɗan buɗe wa amfilifaya wuta har ta fara gurnani kaɗan, in rage ƙarar jitar da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. In na buga a hankali muryar ta fito wasai, in na ƙara ƙarfin yatsa ta ɗan dushe ta yi zafi. Duk wannan ba tare da na taka wata na'ura ba.

Ɗan yayata da nake koya wa ya yi ta fama da wani kiɗan takamba, yana cewa hannunsa ne ba ya sauri. Na duba na ga suwic yana can ƙarshen jaki, ton a buɗe, sautin sai tsiwa yake yi.

"Kawu, ai masu solo a nan suke sawa, na gani a bidiyo," in ji shi.

Na ce, "To, ɗana, tura shi tsakiya ka maimaita abin da ka yi yanzu, kada ka canja komai a hannunka."

Ya maimaita. Bai kai ƙarshen layin ba ya ɗago kai yana murmushi, don a karon farko ya ji babban yatsansa da manuniyarsa suna amsa wa juna. Hannunsa lafiya lau yake tun farko.

Mataki na huɗu, na tsakiya da na jaki, ɗan'uwan na biyu ne amma ya fi shi siranta da ƙyalli. Idan biki ya yi zafi aka koma kiɗan Kwango, inda jita ke hawa can saman wuya tana maimaita gajeren layi da sauri, nan nake zuwa, in ƙara ɗan amsa-kuwwa daga amfilifaya. Kowane bugu yana fita a ware, tas-tas. Ba na daɗewa a nan in ba wannan salon ake yi ba, don yana saurin gajiyar da kunne a ƙaramin ɗaki.

Sai hambaka, a mataki na ƙarshe. Wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ne ya ƙera irinsa a 1955, ya fara fitowa a jitar Les Paul a 1957. Matsalar da ya so ya magance mun fi kowa saninta a ƙasar nan. Fikof mai naɗi ɗaya ba rawar tsirkiya kaɗai yake ɗauka ba, har da ƙugin wutar lantarkin da ke kewaye da shi, wadda a wajenmu take juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka kuma sau 60. Dabarar hambaka ita ce a jera naɗi biyu, ɗaya a juye da ɗaya, maganaɗisunsu ma a juye. Ƙugin da ya shiga na farko sai na biyu ya soke shi, sautin tsirkiya kuwa ya taru ya ninka. Sakamakon shi ne murya mai ƙarfi da kauri a tsakiya, kaifinta ya ɗan ragu, kuma shiru in ka ɗaga hannu.

Wanda bai taɓa kiɗa a filin biki ba ba zai gane darajar wannan shirun ba. Janareta na bayan rumfa, an ja waya ɗaya an raba wa fitilu da fanka da na'urar sauti, soket ɗin ba shi da wayar ƙasa. Kana sa na wuya ko na tsakiya sai ka ji zuuu ya cika lasifika, wani lokacin har ya fi kiɗan. Wannan halin kowane fikof mai naɗi ɗaya ne, ko na jitar da ta fi kowace tsada. A irin wannan daren nakan koma hambaka in rage ton wajen rabi, in buga kusa da wuya don in samo taushi da hannu, in yi dukan aikin a nan. Mai Stratocaster ta asali ba shi da wannan mafakar a jaki. A daren da wuta ke da kyau kuwa, hambakan na solo ne: in an buɗe gurnani sosai yana riƙe sauti ya daɗe bai mutu ba, kuma ba ya yin tsiwar da fikof mai naɗi ɗaya ke yi a jaki.

Idan ka jawo mamurɗin ton sama, naɗi ɗaya na hambakan yana mutuwa, ya koma mai naɗi ɗaya. Murya ta shida ke nan. Ƙara takan ragu, kaifi ya ƙaru, ƙugin wuta kuma ya dawo. Gaskiyar magana, rabin hambaka bai kai cikakken fikof mai naɗi ɗaya jiki ba, a kowace jita ma haka yake, don ba don ya tsaya shi kaɗai aka naɗa shi ba. Amma a cikin taron kayan kiɗa yana yin aikinsa, musamman in mai ɗaukar waƙa ya ce yana son siririn layi mai ƙyalli a saman fiyano. Ni a ɗakin ɗaukar waƙa na fi jawo shi, a fili kuwa da wuya.

Mamurɗan 112V na ƙarfe ne masu ƙaiƙayi, ba su da lamba a jiki. Wannan ya yi mini, don ko hannu ya yi gumi ba sa zamewa, kuma kunne ne ke yanke hukunci ba ido ba. Ton ɗin guda ɗaya ne ga fikof ukun duka, ba kamar Stratocaster mai biyu ba. Amfaninsa ba ka lalube a cikin duhu. Abin da za ka biya shi ne, in ka rage shi don ka tausasa hambaka sannan ka tsallaka na wuya, sai ka sake buɗe shi, in ba haka ba muryar ta toshe. Ƙaramin yatsa yakan saba da wannan. Abin da nake roƙon masu koyo shi ne su daina barin mamurɗan nan biyu a ƙure kullum. Ton kaifi kawai yake zubarwa, ba ya ƙara komai, saboda haka ka saita amfilifaya ta ɗan fi yadda kake so kaifi, sannan ka riƙa ragewa daga jikin jitar. Haka ma doguwar igiya tana shanye kaifi, kada ka sayi mai mita goma in mita uku za ta ishe ka.

Akwai gyara guda da ba ya cin ko kwabo amma yana canja jitar gaba ɗaya, wato tsayin fikof. Wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya a unguwarmu ne ya nuna mini. Ya sa na danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe, ya leƙa ratar da ke tsakaninta da kan maganaɗisun, ya ce, "Yaro, wannan ya matso da yawa, jan tsirkiyar yake yi." Na ce, "Baba, ai na ɗauka kusancin ne ke ƙara ƙarfi." Ya ce ƙarfi kam yana ƙaruwa, amma maganaɗisu na riƙe tsirkiya ya hana ta lilo, sautin ya mutu da wuri, manyan tsirkiyoyi kuma su riƙa rawar murya kamar ba a saita su ba. Ya juya sukurori biyun da ke gefe har ratar ta kai wajen milimita biyu da rabi a ɓangaren masu kauri, milimita biyu a ɓangaren sirara. Daga nan muka bi sauran da kunne, muna tura suwic muna daidaitawa, har ya zama in na tashi daga na tsakiya zuwa hambaka ƙarar ba ta yin tsalle ta firgita mai kula da na'ura.

Hunturu yana taɓa kowace jita a Arewa. Itacen wuya yakan ɗan tsuke saboda bushewar iska, bakin ƙarafunan gaɓoɓi su leƙo su riƙa kartar hannu, ƙura kuma ta shiga suwic ya fara ƙarar-ƙarar in an tura shi. Maganinsu ɗan goge bakin ƙarafunan da lallausan magagari, da fesa wa suwic ruwan wanke na'urorin lantarki, da ajiye jita a jakarta in an gama. Sandar girgiza sauti da ke jikin jaki kuwa ban cika amfani da ita ba. Na ƙara ɗaure sifirin ɗin da ke baya har jakin ya kwanta a jikin itace, tun daga nan saitin tsirkiyoyi yake zama daram ko an yi ta jan su.

Ga mai shirin saye, a lura da harafin ƙarshe. Akwai 112J da 012, sun yi kama da ita ƙwarai kuma sun fi araha, amma maganaɗisunsu na seramik ne kuma ton ɗinsu ba ya jawuwa. Ba laifi gare su ba a matsayin jitar koyo, sai dai bambancin matakan bai fito fili kamar na 112V ba. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce ka ja mamurɗin ton: in ya ɗago ya yi ƙas, ita ce. Hambakanta kuma a cikin zobensa yake daban a jikin itace, ba a kan farantin roba ba. In ta hannu ce za ka saya, kada ka yarda da kallo. A haɗa ta da amfilifaya, ka ɗauki ƙaramin sukurudireba ka riƙa ɗan taɓa kan maganaɗisun kowane fikof a kowane mataki. Wanda ke aiki zai amsa da ƙwas mai ƙarfi. A mataki na biyu da na huɗu biyu ne za su amsa, a sauran ɗaya. A hambaka ka taɓa layi biyun, ka ja ton ka sake taɓawa, ɗaya ya kamata ya yi rauni sosai. Bahago kuma ya nemi 112JL, ita ce ta hagu a wannan jerin, ya san cewa ba zai samu ton mai jawuwa a jikinta ba sai in ya kai an sa masa.